Motar da Ba Ta San An Yi Sanyi Ba

Bayan an sallame mu daga aiki, abin da ya rage mini mota ce 'yar Kwatano, ta hannu daga ƙasar waje, mai injekta, wato irin wadda ƙwaƙwalwa ce a cikinta ke auna wa inji mai. Da ita na fara jigilar 'yan makaranta. In kwaso su daga Unguwar Sarki da Unguwar Kanawa da safe, in sauke su a wata makaranta a Malali, da azahar in mai da kowa gidansu. Mutumin da ya saba zama bayan tebur yana sa hannu a takarda, ga shi yana share wa 'ya'yan mutane majina. Ban ji kunya ba, da wannan gidana ke ci. Sana'ar kuwa sharaɗinta ɗaya ne, ka iso kafin a rufe ƙofar makaranta.

Da bazara na sayi motar, kuma duk tsawon zafin nan ba ta taɓa yi mini gardama ba. Sai da damina ta kankama, safiya ta fara sanyi, sannan ta fito da halinta. In na dawo masallaci na murɗa makulli, sai ta yi ta gurnani ta ƙi kamawa. In ta kama kuma ta hau karkarwa, sitiyari na rawa, madubi na rawa, salansa na tari. Da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Haka zan zauna ina lallashinta kamar yaron da ya ƙi shan magani, har inji ya yi ɗumi ta yarda mu tafi.

Abin haushin, bakanikena na Kawo bai taɓa ganin ciwon da idonsa ba. Kafin in sauke yara in isa garejinsa ta riga ta yi zafi. Ya murɗa makulli ta tashi nan take, tana aiki lami lafiya, munafuka.

"Oga, wannan ai lafiyarta ƙalau," in ji shi.

"Da asuba take yi," na ce.

"To, bari dai mu canza fulogi mu gani."

Mutumin kirki ne, ba ya son in koma hannu rabbana, shi ya sa kowane zuwa sai ya taɓa wani abu. Aka canza fulogi, aka wanke nozul, aka sauya famfon mai, har batirin da bai yi laifin komai ba ya tafi. Na bar masa ita ta kwana ranar Asabar, bai buɗe gareji ba sai da rana ta gasa ta. Na roƙe shi ya zo gidana da sassafe, ya ce in sha Allahu. Na yi aikin ofis, na san irin wannan in sha Allahun.

Sai muka koma dabarun gida. Na riƙa lulluɓe bonet da tsohon bargo. Uwargida na tashi ta dafa ruwa, ta miƙo mini a buta in kwarara a jikin inji. Maƙwabta masu fitowa daga masallaci sun so su tura ni, amma mota mai canza giya da kanta ba ta tashi da turi. Sai dai su ce Allah ya kawo sauƙi su wuce.

A makarantar, duk yaron da ya makara durƙusawa yake yi a bakin ƙofa. Nakan tsaya a tsallaken titi ina kallon yarana gwiwa a kan tsakuwa saboda laifin da ba nasu ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Iyaye suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai daɗin ji, har ya rage sai tagwayen wata Hajiya ma'aikaciyar asibiti a Unguwar Sarki. Ita ta fi kowa haƙuri da ni.

Ranar da za su fara jarrabawa aka wayi gari da ruwa. Na yi bargo, na yi ruwan zafi, na yi duk addu'ar da na sani, motar nan ta ce ba ta san zancen ba. Na bar ta, na tari ɗan adaidaita don in kai su ko a haka. Na isa na tarar da Hajiya tsaye a ƙofar gida da lema, yaran sun riga sun tafi da wani.

"Malam, wallahi ba don halinka na sauya direba ba," ta ce. "Amma ka ga 'ya'ya ne. Ka yi haƙuri."

"Ba komai, Hajiya. Ke ce da haƙuri."

Da ƙafa na koma gida, ruwa na dukana, ban ma damu in fake ba.

Bayan wannan ne wani maƙwabci ya haɗa ni da mai gyaran wayoyin lantarkin mota a Mando, wanda gidansa ke manne da shagonsa. Na bar masa ita ta kwana, na dawo da sassafe. Ya murɗa, ta yi masa abin da take yi mini, har na ji wani irin daɗi don yau dai an samu shaida. Ya leƙa kusa da tiyon lagireto ya zaro wata 'yar waya da aka naɗe da tef.

"Baba, an yi wa fankarta dairek," ya ce. "Motar ƙasar sanyi in ta shigo, sai a ce zafin nan zai kashe ta, a haɗa fanka ta yi ta juyawa ba tsayawa. Wanda ya yi naka ya cire wayar sansa, abin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa zafin inji. Ita a tunaninta kullum a ɗumi take, shi ya sa ba ta ƙara mai da safe."

Wato tun kafin in saye ta wani ya yi mata gata. Ya mai da wayar mazauninta, ya gyara haɗin fankar, aikin bai kai tsawon shan shayi ba.

Na koma gidajen iyayen na gaya musu an gano matsalar. Kowa ya taya ni murna, ya ce Allah ya sanya alheri. Sun riga sun yi magana da wani mai bas, kuma ban ga laifinsu ba.

Har yau in na dawo masallaci nakan shiga in murɗa makulli. Ko an kwana ana ruwa, murɗa ɗaya take tashi, sitiyari ko motsi ba ya yi. Uwargida ta daina dafa ruwa, bargon ya koma ɗaki. Nakan zauna ina sauraren injin har bas ɗin nan ya wuce ta bakin layinmu cike da yara. Daga nan sai in kashe ta, kada mai ya ƙone a banza.