Malam Hudu da Faifai na Shida

Kullum ƙarfe bakwai da rabi ɗan kabu-kabu ke sauke Malam Hudu Abdulƙadir a ƙofar wata cibiyar lafiya a Anka. Ba ya tsayawa gaisuwa, shi ya sa baƙi ke ɗaukarsa mai girman kai. Wani ɗan ɗaki mai sanyi yake wucewa, ya durƙusa gaban babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan marasa lafiya, ya duba fitilun faifanta shida. In duk kore ne, sai ya fito ya gaida kowa, har da tambayar gona.

A faifan nan akwai sakamakon gwajin jinin yaran da gubar dalma ta taɓa a Duza da kewaye. Wani ƙaramin allo da ake kira kwantirola ke rarraba bayanan a kan faifai biyar, yadda in ɗaya ya mutu ba a rasa komai, amma in biyu suka mutu an yi asarar duka. Na shidan zaman jira yake yi.

Zaman nan ne ya tsone wa wani shugaba ido. Kwamfutar ofishinsa ta cika, ga faifai yana hutawa, sai ya ce a cire a sa masa. Hudu, wanda ko da ɗan kabu-kabu ba ya musu, ya ƙi.

"Ranka shi daɗe, wanga ba zaman banza yakai ba. Ran da ɗan'uwanai yam mutu, shi ka ɗaukar kayanai. In za a cire shi, ba dai da hannuna ba."

Aka ba shi takardar gargaɗi, abokan aiki suka laƙaba masa Mai Gadin Faifai. Yana amsa sunan kuwa.

Da damina fitila ɗaya ta yi ja, alamar faifai ɗaya ya mutu. Kwantirola ya sake gina bayanan a kan na shida, Hudu na bin mai janareta da magiya kada ya kashe sai an gama. Bayan kwana huɗu wani faifan ya mutu, sababbi kuwa sai da suka yi mako uku kafin su iso. Da an cire na shida, da tarihin yaran nan ya tafi.

A tsakanin nan wata mata mai suna Marka ta zo daga Duza da 'yarta Lubabatu tana jijjiga, katinsu na asibiti ruwa ya cinye shi. Likita Saude ta ce da ta buɗe kwamfuta ta tarar da gwajin yarinyar tun tana goye, har da maganin da jikinta ba ya karɓa, wanda shi take shirin ba ta. Lubabatu ta koma gida da ƙafafunta, Marka na ta sa wa likita albarka.

Kai ne, Malam Hudu, ka sha gori saboda yaran da ba ka taɓa ganin fuskokinsu ba. Mu abokan aikinka muna alfahari da kai, kuma yau da kake ajiye aiki mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu tasowa, ku riƙe abin da aka damƙa muku kamar yadda ya riƙe.

Marka har yau ba ta san sunanka ba. Lubabatu tana aji biyu a sakandare.