Almiskin Juma'a da Tukunyar Sanyi

Shekara biyu muka yi muna haɗa wata na'ura a ƙasan ginin wata jami'a a Manhattan. Ido ne da ke ganin zafin taurari maimakon haskensu, za a ɗora shi a kan babban madubin hangen nesa a cilla sama. Ni aikina wayoyi, sirara kamar gashi. Hannun da ya tashi da alƙalamin kara ba ya rawa, shi ya sa shugabarmu ta ce ni zan ɗaura wayoyin ƙarshe ranar da za a rufe na'urar cikin tukunyar sanyi don gwaji. Har surukaina sai da suka ji labari.

Ranar ta faɗo Juma'a. Na idar da salla a masallacinmu na unguwar Tremont, ina laluben takalmi, sai Alhaji mai turare, mutumin Nijar, ya cafke hannuna.

"Alhaji, yau dai a yafe mini."

"Malam, sunna kake gudu? Miƙo ɗayan."

Ya mulke ni da almiski har gemu.

Ɗakin aikinmu kuwa ko man shafawa ba a shiga da shi. In aka zuƙe iskar tukunyar aka sanyaya ta, duk wani ƙamshi kan madubi yake zuwa ya daskare, idon ya dushe.

Na koma wurin aiki na yi ta wanke hannu da gemu kamar mai waswasin alwala. Na zura farar riga da hula da safar hannu biyu, na fito kamar gawar da ta fasa tafiya. Shugabar tana bakin ƙofa. Numfashi ɗaya ta ja.

"Ƙamshi mai daɗi," ta ce. "Tsaya waje."

Ta gilashi na kalli wani abokin aikina, mai yatsu kamar na mahauci, yana ɗaura wayoyina. Bakina na roƙon Allah Ya sa su riƙe, zuciyata na cewa ɗaya dai ta kwance. Aka sanyaya, duk suka riƙe. Astagfirullah, sai da na ji haushi.

Da Juma'a ta zagayo na kai wa Alhaji ƙorafina. Ya saurara da kyau.

"Sau nawa ka wanke?"

"Bakwai, da sabulu."

"Bai fita ba?"

"Bai fita ba."

Sai ya juya ga masu neman takalma. "Jama'a, ku zo ku ji shaida daga bakin masu ilimin taurari!"

Ya buɗe kwalba, ya sake kamo hannuna.