Ba Ya Karɓar Bindiga a Rufe

Jiya a taram, jirgin ƙasa na cikin gari, a unguwar Bron, na ji warin man bindiga jikin wani, sai na tuna Baba, tsohon da ya koya mini gyaran bindigogin farauta na dā.

Wata rana wani anasara ya kawo ta kakansa, duk tsatsa, ya rantse babu komai ciki. Na yarda. Na jingina bakinta a cikina ina goge ta. Baba ya janye ta a hankali, ya buɗe. Harsashi ya faɗo kan tebur.

Ya ce, "Ɗana, shi ya rantse. Ita ba ta rantse ba."

Ya zuba mini shayi.

Allah ya tsare shi a kabarinsa, ya yi masa rahama.