Shekarar da Muka Kware Rufin Majami'a

Maigidana mutum ne mai hankali, ko a bayan idonsa zan faɗa. Amma shekarar da aka fara zaɓen jam'iyyu barkatai, hankalin nan kiwo ya tafi. Mu Kirista 'yan gidaje ne a ƙauyenmu, can gefen Dogarawa, shi ne kuma dattijon ikilisiya. Majami'armu ginin ƙasa ce mai rufin azara. In damina ta yi nisa sai ta riƙa ɗiga daidai kan bencin mata, ban san abin da muka tare mata ba.

Sai ga ɗan takarar depite, wato ɗan majalisa, da kamyo, babbar motar kaya, cike da makaɗa. Ya leƙa majami'a, ya ɗaga kai, ya riƙe haɓa. Ya rantse ba za mu ƙara damina ƙarƙashin wannan abu ba, mu dai ba shi ƙuri'a, kwanon rufi na nan tafe. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni ma na yi, ba zan yi ƙarya ba, har ɗankwalina ya faɗi.

Mutumin ya ci zaɓe. Washegari na ga maigida ya tara maza da diga da tsani.

Na ce, “Baban yara, ina zuwa?”

Ya ce, “Rufi za mu kware. Kada kwano ya iso ya tarar ba mu shirya ba, mu ji kunya.”

Fasto, tsoho mai sanyin magana, ya ce a bari a ga kwanon tukuna. Maigida ya dube shi ya ce, “Haba fasto, ina bangaskiyarka?” Kafin azahar majami'a ta zama kamar tukunyar da aka cire wa murfi. Aka raba azara, kowa ya ja tasa ya gyara rumfar albasa.

Ga bazara ta kankama. Ranar Lahadi muna sujada, kowace mace da faifai a ka, zufa na yi mana wanka, muna waƙa muna dariya. Malam, maƙwabcinmu Musulmi, kullum sai ya leƙo ta katanga ya ce, “Kun buɗe wa addu'a hanya ke nan, don ta yi saurin hawa?” Maigida kuwa, ko lomar tuwo ce a hannunsa, in ya ji ƙarar kamyo sai ya yar ya yi bakin hanya. Duk na albasa ne, Konni za su. Sau biyu yana zuwa buro, ofishin depite, ana ce masa yana Yamai.

Lokacin shuka ya zo, sama ko girgije babu. Musulmi suka fita roƙon ruwa, mu ma muka fara namu. A nan na kama shi. Amin ɗin maigidana har bakin rijiya ake jin ta, amma duk lokacin da fasto ya roƙi ruwa, sai in ji ɓangaren maza ya rage nauyi.

Da muka koma gida na ce, “Baban yara, ina Amin ɗinka?”

Ya sunkuyar da kai. “In ruwa ya sauka bango zai narke, ni kuma na kware rufin. Allah ya ɗan jinkirta mana sati biyu, kwano ya iso.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Duk ƙasar nan kai kaɗai ke roƙon fari. Kwanon za mu daka mu yi fura?” Sai kuma ya ba ni tausayi.

Ban gaya wa fasto ba, amma tsoho yana da kunne. Lahadi na zuwa ya ce, “Dattijo, yau kai za ka roƙa mana ruwa.”

Maigida ya miƙe. Ya ɗaga kai, ba azara, ba kwano, sai sararin Allah. Da ƙyar murya ta fito: “Ubangiji, na daɗe ina jiran mutum, ka gafarta mini. Aiko da ruwa. Ɗakin naka ne, kunyar tawa ce.”

Ranar Laraba da hantsi gabas ta yi baƙi. Aka yi ta shatata ruwa har la'asar. Gari ya ruɗe, tsofaffi na rawa cikin taɓo, Malam na gudu da sungumi, takalmi ɗaya a ƙafa. Na nemi maigida na rasa. Can na same shi bakin majami'a, jiƙe sharkaf. Muna tsaye bangon gabas ya tsage, ya kwanta kan bencin mata.

Na kama hannunsa, ina tsoron abin da zai yi. Ya kalli bangon, ya juya ya kalli gonaki sun sha sun ƙoshi. Sai ya fashe da dariya, hawaye na bin ruwa a fuskarsa, ya buɗe baki ya saki Amin ɗin nan da ya daɗe yana riƙewa. Malam ya ce har gonarsa ya ji ta.