Tsahara Mai Nem da Langar Alhaji

Duk wanda ya bi ta layinmu a Belleville, nan cikin Treichville, hancinsa ne ke fara sanin Tsahara kafin idonsa. Wani wari ne na tsimammen ruwan kifi, ɗan'uwan daddawa amma ya fi ta rashin kunya. Baƙo yakan toshe hanci ya wuce, gobe ka gan shi a kan bencinta yana lasar yatsa. Mun fi shekara ashirin muna maƙwabtaka, ƙofa na kallon ƙofa, don haka abin da zan faɗa gani na yi, ba labari aka ba ni ba. Akwai ma inda hannuna ya shiga, zan zo wurin.

Mahaifinta, Malam Kailu, mutumin Ƙonni ne. Fataucin albasa ya kawo shi Abidjan, ya zauna a kasuwar Adjamé har Allah ya karɓi abinsa. Ita kuwa a nan aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijin ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata biyu. Da takaba ta ƙare sai ta nemi aikin wanke-wanke a wani ɗan gidan abinci na wata tsohuwa da ake kira Madam Lan. 'Yar ƙasar Biyetnam ce, wani sojan Faransa ɗan ƙabilar Jula ya auro ta can wurin yaƙi ya taho da ita. Mijin Musulmi ne, kuma tun daga ranar da ta shiga gidansa naman alade bai ƙara taka ƙofar kicin ɗinta ba. Tsofaffin Treichville duk sun san haka.

Shekara goma sha biyu Tsahara ta yi a wurinta. Daga wanke kwano ta koma yankan albasa, daga nan aka sakar mata naɗin nem. Nem dai kowa a Abidjan ya san shi: siririyar takardar shinkafa ake jiƙawa, a zuba niƙaƙƙen nama da jatan lande da taliya da karas, a naɗe kamar yatsa, a soya. Amma na bakin titi daban, na Madam Lan daban. Sau biyu take suya, kuma ba a ci sai an naɗe shi cikin ganyen latas da na'a-na'a, an tsoma a ruwan kifin nan da aka sirka da lemon tsami da sukari da tafarnuwa. Ta koya mata romon ƙashin sa da ake ɗorawa tun asuba da ƙonanniyar albasa da citta da kirfa, a kwarara a kan taliyar shinkafa. Ta kuma koya mata kafen garinsu, wato kofi, wanda ake dannawa a wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai huji-huji, a ɗora a bakin kofin gilashi, ya riƙa ɗiga a kan madarar gwangwani mai kauri. Tsohuwar takan ce mai gaggawa ba ya shan kafensu. Da ta rasu, 'ya'yanta suka rufe wurin, suka ba Tsahara tukwane da ƙoƙunan kafe, ita kuma ta kafa benci biyu a ƙofar gida.

Kasuwa ta karɓe ta, musamman wurin baƙi. 'Yan kasuwar Kano da Katsina da ke zuwa ɗaukar kaya a tashar jirgin ruwa suna son su ɗanɗana abin da babu a gida, amma suna tsoron gidajen abincin unguwar Plateau saboda giya da alade. Sai ga Bahaushiya mai salla tana dafa abincin ƙetaren teku. Ai kuwa suka yi mata caa.

A nan ne ta taka wutsiyar Alhaji Abduljalil ba ta sani ba. Bakano ne, mai shigo da shinkafa, gidansa na Adjamé, kuma babban maigida ne, wato mai saukar da fatake. Wanda ya san harkar ya san ƙa'ida: baƙonka a gidanka zai kwana, daga tukunyarka zai ci, ta bakinka zai ji labarin gari. Maigidan da baƙinsa ke sulalewa su ci a waje, ana yi masa dariya a bayan ido. Su kuwa baƙin Alhaji sai su bar tuwon gidansa a rufe, su hau tasin haya da ake kira woro-woro su tsallaka gada su zo bencin Tsahara, inda suke haɗuwa da baƙin wasu su ji abin da bai so su ji ba.

Bai yi faɗa ba, bai aiko ba. Wata Juma'a bayan an sallame, a ƙofar babban masallacin Treichville, ana ta saka takalma, wani ya yaba nem ɗin Tsahara. Alhaji ya gyara hularsa ya ce, cikin sanyin murya:

"To, Allah ya kyauta. Abin da aka naɗe, wa ya san abin da ke ciki? Kuma kun san a hannun wa ta koya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, shi ya sa har yau nake cewa mugu ne na gaske. Da zagi ya yi, da an rama. Magana zarar bunu ce, kafin la'asar tambayarsa ta zama labari, kafin sati ta zama shaida. Har aka samu wadda ta rantse ta ga ƙafar alade a kwandon Tsahara.

Babbar Salla ta zo bayan wata biyu. Tsahara ta soya nem da naman layyarta, ta cika langa bakwai, ta aika gidajen da ta saba aikawa tun mahaifinta na da rai, har da gidan Alhaji a Adjamé, don aminin Malam Kailu ne a da. Kafin azahar duka bakwai ɗin suka dawo a rufe, ba a taɓa ko ɗaya ba. A wurinmu babu zagin da ya kai a mayar maka da abincin Salla. Ga inda hannuna ya shiga: gidanmu na cikin bakwai ɗin. Maigidana ya ce in mayar, ni kuma ban yi musu ba. Na tsallaka titi da langar a hannu, na ajiye a bakin ƙofarta, na ce wai cikinmu ba daɗi. Ta dube ni, ta dubi langar, ta ce Allah ya sauwaƙe. Har yau in na tuna ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hausawa suka ɗauke ƙafa daga bencinta. Ba ta mutu da yunwa ba, 'yan ƙabilun Baule da Bete da ma'aikatan tashar jirgi suka ci gaba da zuwa. Amma ba ciki ne ke damunta ba, sunanta ne. Matar da ba ta taɓa barin azumin Litinin da Alhamis ba, ita ake matsawa gefe a gidan suna in ta miƙa hannu za ta taya girki. 'Yarta ta fari sai da ta koma wurin dangi a Maradi kafin ta samu miji. Tsahara ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kai ƙara wurin liman ba. Ta wanke langa bakwai ɗin ta ɗora a kan kabad, ba ta ƙara zuba komai a ciki ba. Sau ɗaya na ji ta yi maganar, tana yanka karas, ta ce ita ba ta yafe ba, kuma sai bakin da ya ɓata mata suna ya tauna nem ɗinta a gaban mutane. Na ɗauka ɓacin rai ne kawai.

Shekara tara aka yi. Muka koma gaisawa, har nakan zauna in taya ta tsinke na'a-na'a, amma ba ta ƙara miƙo mini ko ɗanɗano ba, ni ma ban iya roƙa ba.

Bara sai ga Sadi, ƙanin Alhaji, ya zo da hantsi yana ta sunne kai. Ina zaune a wurin. Ashe wani babban baƙo ne ya sauka daga Biyetnam, Mushe Kuwang, wato Malam Kuwang a bakin masu Faransanci, daga masu shinkafar da Alhaji ke shigowa da ita, ya zo ya ga ko Alhaji zai ci gaba da zama wakilinsu. Kwana uku aka cika shi da acceke, dambun rogon nan na Abidjan, da kifi da miyar manja, cikinsa ya ƙi, ya daina ci. Aka kai shi wani gidan abincin mutanensu a Plateau, ya ji daɗi, ya ɗauki nem da tsinkayen cin abincinsu ya sa a kwanon Alhaji, don haka suke girmama mutum. Alhaji ya naɗe hannu, ga abokan cinikinsa biyu daga Kano suna kallo, ga kwalaben giya a teburin kusa. Baƙo ya ɓata rai, ya ce ta bakin tafinta wanda ba zai ci tare da shi ba, bai ga yadda za su yi tafiya mai nisa tare ba. Aka bincika duk Abidjan a samu Musulmin da ya iya wannan girki yadda ya kamata. Mutum ɗaya aka samu.

Sadi ya ce za a aiko mota a kai ta Adjamé ta dafa a gida, ta bayan fage. Tsahara ta bar shi ya gama, ta ce baƙo ba shi da laifi, za ta ciyar da shi, amma ita ba ta girki a gidan wani.

"Ka gaya wa Baba Alhaji bencina yana nan inda ya sani. Ranar Juma'a in an sauko, ya kawo baƙonsa da kansa."

Sadi ya roƙa ko a mayar Asabar, ko da yamma. Ta ci gaba da yanka albasarta kamar ba da ita yake ba.

Rannan na ga abin da ban taɓa gani ba. Ta fito da tebur tsakiyar hanya, ta sa mahaucin unguwarmu ya kawo cinyar sa da kansa ya niƙa a gaban jama'a. Daidai lokacin da masu dawowa daga masallaci suka cika layin, motar Alhaji ta tsaya. Ya fito cikin farar shadda, fuska kamar an aiko masa da mutuwa, baƙon na biye da shi yana shaƙar warin nan yana murmushi. Tsahara ta durƙusa ta gaida Alhaji yadda ake gaida uba, har da tambayar mutanen gida. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar langa mai zanen jan fure. Na gane ta nan take, ita ce wadda aka mayar mata daga gidan Alhaji ran Salla.

Ta naɗa a gabansa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta soya sau biyu, ta cika langar ta ajiye. Mushe Kuwang ya ci ɗaya, ya rufe ido, ya yi wata magana da yarensu, tafinta ya ce wai ya tuna da kakarsa. Sai baƙon ya ɗauki ɗaya ya sa a gaban Alhaji. Duk layi ya zuba ido, har mai tura baro ya tsaya. Alhaji ya yi bismilla a ciki, ya kai baki.

"Baba Alhaji," in ji Tsahara, "shekara tara ke nan ka yi tambaya a ƙofar masallaci, ba wanda ya amsa maka. Yau ka ga abin da ake naɗewa a ciki?"

Ya haɗiye da ƙyar. "Na gani."

"Mutanen baya ba su ji ba."

"Naman sa ne. Halal ne. Da ma can halal ne."

Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma ba ta gama ba. Bayan romo ta kawo kafe. Na baƙon ya ɗige cikin ɗan lokaci, ta zuba masa ƙanƙara. Na Alhaji kuwa ta danne garin da ƙarfi, ta matse marfin har ƙarshe, sai ɗigo ɗaya yanzu, ɗaya sai an jima. Baƙon ya ce a garinsu ba a tashi a bar kafe yana ɗiga, shi ma ba zai sha nasa ba sai na maigidansa ya gama. Haka Alhaji Abduljalil, mai saukar da fatake, ya zauna a kan bencin katako a bakin titi kusan awa guda, yana kallon ɗigon kafe, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya gaishe shi ya kuma leƙa langar da ke gabansa. Kwana shida ya yi yana kawo baƙon, don mutumin ya ƙi cin abincin ko'ina.

Tun ranar farko Hausawa suka fara dawowa, wasu na cewa su da ma ba su taɓa yarda da zancen ba. Ƙarya suke yi, na san su ɗaya bayan ɗaya. Da yamma jama'a suka watse, na taya ta kwashe kaya, ina ta dariya ina kwaikwayon yadda Alhaji ya haɗiye. Na ce to Yaya, yau dai kin huce, magana ta ƙare.

Ba ta yi dariya ba. Ta wanke langar mai jan fure, ta goge, ta sa ta cikin kwanonin da take aiki da su kullum. Ƙofar ɗakin a buɗe take, na ɗaga kai na ga sauran a jere a kan kabad, fes, ba ƙura, alamar ana goge su. Ta uku daga hagu mai shuɗin marfi ce, wadda na tsallaka titi da ita. Tsahara ta bi idona da kallo, sannan ta juyo ta dube ni.

"Saura shida," ta ce.