Turaren da Baba Ke Zuba wa Baƙi

Duk unguwarmu a Konni an yarda cewa babana ya ajiye mata a Turkiyya. Ba haka ba ne. Ya je Istanbul saro darduma da dogayen riguna, ya zame a kan matakala ya karye a ƙugu. Wani tsoho mai shagon labule ya ɗauke shi ya kai gidansa, matar tsohon ta yi jinyarsa har ya taka, ba su ma jin yaren juna. Tun daga nan Baba bai gama dawowa ba. Shayinsa a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, kyanwoyin unguwa kuwa duk sun san ƙofarmu, don yana ciyar da su yadda ake yi a can. Kuma baƙo ba ya zama a zaurenmu sai an tsiyaya masa turaren lemon tsami a tafin hannu, yadda aka riƙa yi masa a can.

Mu mun saba. Dangin saurayina, mutanen Tajaye, ba su saba ba.

Ranar da suka zo neman aurena ina laɓe bayan ƙyaure. Sun iso da alwalarsu, la'asar ta kusa. Baba ya fito da kwalba yana fara'a, ya fara da baffan yaron, dattijo mai limanci a ƙauyensu. Dattijon ya miƙa hannu biyu, ya zaci ruwa ne. Ya sunsuna, fuskarsa ta canja.

"Alhaji, mi ne wannan? Warin giya nika ji."

"Turare ne, Malam. Can haka suke karrama baƙo, kuma Musulmi ne irinmu."

"To mu nan hura aka ba baƙo. A ba ni buta."

Ya fita ƙofar gida, a gaban 'yan kabu-kabu masu babura, ya wanke hannu da ƙasa, ya sake alwala. Baba na tsaye da kwalba a buɗe. Na so ƙasa ta tsage in shige. Suka yi salla a masallaci, daga can suka wuce tasha, ba a ko ambaci sunana ba.

Da farko haushin Baba na ji. Na ce wa Inna mutum ya tsufa yana kwaikwayon mutanen da ko gaisuwarsu bai iya daidai ba.

Bayan sati saurayina ya kira. Ya ce baffa ya huce, za su dawo, amma a gaya wa Baba ya ɓoye kayan Turkawansa ranar. Yana faɗa yana dariya. Na kai saƙon yadda aka ba ni, don ban iya kwana-kwana ba.

Baba ya ce, "Ba komi, ɗiyata. Ki ce musu na ji."

Ya tashi ya kwashe kofunan daga zaure da kansa, yana ɗingishi, ya ki bari in taya shi. Wannan kunyar ta fi ta ranar farko nauyi. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, an aiko masa da doka daga Tajaye kan yadda zai karɓi baƙi a zaurensa, ya kuma karɓa saboda ni.

Ina son yaron, ban daina ba. Amma gobe zan shiga motar Tajaye. Zan gaya masa a gaban uwarsa cewa baffa na iya ƙin miƙa hannu a zuba masa turare, wannan nasa ne, amma ko su zo ba sharaɗi, ko su yi zamansu.