Madarar da Gobnait ta Zuba

A tsibirinmu na yammacin Ayaland, duk gidan da ake naƙuda sai an ga Gobnait ta shigo da kwalbar ruwa a aljihu. Yara na yi mata dariya, manya kuwa sun san dalili.

Tana amarya ta haifi ɗanta na fari, ranar da teku ya hana kwalekwalen Fada, limamin cocinmu, ƙetarowa. Jaririn ya fito shuɗi, numfashinsa na yankewa. Surukarta, Peig, ta ruga rijiya ɗebo ruwan yi masa baftisma, domin bokitin gidan a bushe yake. Gobnait ta ga ba zai jira ba. Ta jawo kofin madarar da ke gefen gado, ta zuba masa a goshi sau uku, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta kira shi Colm. Kafin Peig ta dawo ya cika.

Da teku ya lafa, Fada ya zo ya saurare ta har ƙarshe, ya tambaye ta ko ta surka madarar da ruwa. Ta ce a'a.

"To, ɗiyata, ba a yi baftisma ba. Da ruwa ake yi."

Aka hana Colm maƙabartar coci. Ubansa ya kai shi fakon bakin teku inda ake binne jariran da ba a yi wa baftisma ba, ya aza farin dutse, babu gicciye, babu addu'a. Peig kuwa kullum ta ga Gobnait na tatsar saniya sai ta ce mata cikin ba'a, "Tatsa da kyau, Fada, wataƙila akwai mai jiran baftisma."

Gobnait ta sake haihuwar shida, duk suka rayu. Ba ta ƙara shan madara ba.

Da ajali ya matso, ta roƙi babbar 'yarta, Sorcha, a kwantar da ita a fakon nan, kusa da farin dutsen. Ta ce yaron ya daɗe shi kaɗai, ga sanyi. Sorcha ta yi mata alkawari.

Amma da ta rasu, 'ya'yan suka ce abin kunya ne a binne mai baftisma can, kamar wata ɓatacciya. Suka kai ta maƙabartar coci, aka yayyafa wa akwatin ruwa mai tsarki har ya jiƙe, aka sa ta kusa da kabarin Peig.